Ba Intanet Ne Ke Shanye Kalar Bidiyonmu Ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni fili a shafin wasiƙu, ko da yake tawa za ta ɗan yi tsawo. Ni ma Edita ake ce mini a unguwarmu, sai dai kai rubutu kake tacewa, ni kuwa bidiyo: biki, suna, walimar sauka, jefi-jefi da tallan shago. Shekarata goma sha ɗaya a wannan sana'a a nan Kano, kuma da ɗaukar wa maigidana jakar kyamara da fitila na fara.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami wani yaro ne da ya shigo shagona makon jiya da kyamara rataye a wuya, yana tambaya ko na san mai saye. Sony ce ta hannu, wata biyu da sayenta, har da kuɗin babur ɗinsa a ciki. Na ce me ta yi maka? Ya ce, "Oga, a jikin kyamarar kala raɗau, amma da na ɗora a Facebook sai ka rantse cikin hazo na ɗauka. Wasu sun ce kyamarar ce ta gaji, wasu sun ce intanet ne ke shanye kala." Wannan magana ta intanet na shanye kala na ji ta ya fi a ƙirga, a bakin masu ɗauka, a bakin masu tacewa, har a bakin masu karɓar kuɗin yara suna koya musu sana'ar. Ni kaina na faɗe ta, har da rantsuwa. An bar jaki ana dukan taiki.

Bari in fara da tawa kunyar, kada a ce na zo ba da maganin ciwon da bai taɓa kama ni ba. Shekara uku baya na yi aikin wani biki na kwana uku: kamu, ɗaurin aure da dina. Ankon kamun wata atamfa ce ja mai duhu, irin jan zoɓon da ya jiƙu sosai, da ɗigo-ɗigon ruwan zuma a jiki. Uwar amarya da bakinta ta gaya mini sai da ta yi sawu uku a Kantin Kwari kafin ta samu wadda ta kwanta mata a rai. Na tace aikin a kan wata MacBook Pro ta hannu da ban daɗe da saye ba, cikin manhajar DaVinci Resolve. A allon tacewa, Malam Edita, ni kaina sai da na jinjina wa kaina. Ja ya fito, ƙunshin amarya ya fito, fuskoki sumul. Na fitar da shi cikin dare, na ɗora a YouTube saboda 'yan'uwansu na Jidda da Ingila, na tura musu, na kwanta.

Da hantsi sai ga kira. Na je gidan, na durƙusa na gaida Hajiya, ta amsa a daƙile, ta miƙo mini wayar ƙanwar amarya. "Ɗan nan, dubi Allah ka dubi wannan. Atamfar da na saya ke nan? Wannan ai ta sha wanki goma an manta da ita a kan igiya. Ita kuma yarinyar, wata guda ana yi mata dilka da halawa, ka mayar mini da ita kamar wadda ta yi birgima a toka." Na karɓa na duba. Ba ta yi mini ƙage ba. Jan ya koma ruwan hoda mai gajiya, baƙin ƙunshin ya zama ruwan toka, fuskar amarya kuwa kamar ta fito da sanyin safiya ba ta shafa mai ba. Na ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, intanet ne." Ta ce, "To, intanet ɗin ya biya ka cikon kuɗinka."

Na koma shago na yi abin da kowa ke yi. Na murɗa kala sama, na danne haske, na tayar da janareto na sake fitarwa, na sake ƙona data na ɗora. A wayar ƙanwar amarya, wadda iPhone ce, ya yi dama-dama. A Tecno ɗina kuwa, da talabijin ɗin falonsu, fuskokin mata sun yi jawur kamar an shafe su da manja, dattawan da ke can bayan rumfa sun nutse cikin duhu, ba ka ganin komai sai hula da haƙora. Garin neman gira na rasa ido. A nan ne na fara zargin kaina, domin bidiyo ɗaya ne, wuri ɗaya aka ɗora shi, amma kowace na'ura da abin da take nunawa. Da intanet ne ya shanye kalar, ai da kowa koɗaɗɗe zai gani.

Wani dattijon abokin sana'a da ya yi aikin gidan talabijin shi ya fara buɗe mini ido, sauran na bi da karatu da gwaji. Ya ce fayil ɗin bidiyo ba launi ne a cikinsa ba, lambobi ne. Kowane ɗigo na hoton lamba ce, sannan a jikin fayil ɗin akwai wata 'yar shaida da ke faɗa wa na'ura ma'aunin da za ta karanta lambobin da shi. Kamar ka aiki yaro ya awo maka gero mudu goma ne. In mudun da kake nufi daban, na mai awo daban, goma dai goma ce, amma buhu ba zai cika ba, kuma ba wanda ya saci ko ƙwaya. Yawancin koɗewar da muke kuka da ita saɓanin mudu ne tsakanin kyamara, manhajar tacewa, fayil ɗin da aka fitar, da allon mai kallo.

Saboda haka yanzu kafin in zargi kowa, gwaji ɗaya nake yi, ba ya cin ko kwabo. Fayil ɗin da na fitar, tun kafin ya ga intanet, sai in buɗe shi a manhajar kunna bidiyo ta VLC, in buɗe a QuickTime, manhajar kunna bidiyo ta Apple, in zuba shi ta kebul a wayar Android, in sa a filasha in kunna a talabijin. In ya koɗe tun a nan, to intanet ba shi da laifi ko na anini. In a wuri ɗaya kaɗai ya koɗe, to mai karantawar ne ke da nasa mudun. Akwai kuma wata ƙaramar manhaja ta kyauta, MediaInfo, da ke karanto maka shaidar nan. A bidiyo na yau da kullum ya kamata ka ga BT.709 a layuka uku. In ka ga BT.2020, ko ka ga ba a rubuta komai ba, to ka kama bakin zaren.

Wannan 709 ɗin shi ne mudun da duniya ta amince da shi don bidiyo mai tsabtar HD. Hukumar sadarwa ta duniya, ITU, ita ke riƙe da shi, kuma tun 1990 aka kafa shi. YouTube ma shi suke ba da shawarar a yi amfani da shi ga bidiyon da ba HDR ba, wato ba irin sabon tsarin nan mai faɗin haske da launi ba. To a aikin Hajiya kuskurena biyu ne suka hau kan juna. Na farko, allon irin MacBook ɗina yana iya nuna launuka masu ƙarfi fiye da na 709, ma'auninsa P3 ake ce masa. Ni kuma ban kunna zaɓin da zai sa Resolve ta yi aiki da ma'aunin allon ba. Sai ya zama lambar da ke nufin ja na 709, allon yana nuna mini ita da jan P3, wanda ya fi kauri. Na ga ja ya yi yawa, sai na rage da hannuna. Wato ni na wanke atamfar Hajiya, ina zaune a kan kujerata, ina kuma yaba wa kaina.

Na biyun shi ne abin da ake kira gamma, kuma a nan nake so 'yan'uwana masu tacewa su ɗan tsaya, domin mu baƙar fata ya fi shafa. Ka ɗauka daga baƙi ƙirin zuwa fari fat matakala ce. Gamma shi ne yadda hasken ke hawa wannan matakala, ko da sauri ko a hankali. Baƙin yana nan a wurinsa, farin yana nan a wurinsa, tsakiyar ce ke motsawa. In lambar gamma ta yi sama, tsakiya ta yi duhu, hoto ya yi kauri. In ta yi ƙasa, tsakiya ta ɗago, hoto ya yi fayau. Allon ƙwararru a ɗaki mai duhu 2.4 yake bi, bisa ƙa'idar BT.1886 da aka fitar a 2011. Allon kwamfuta da na waya galibi wajen 2.2 suke. QuickTime da Safari a na'urorin Apple kuwa, in suka ga shaidar 709, wadda masu sana'a ke kira 1-1-1, da abin da ya kusa 1.96 suke karantawa. Suna da hujjarsu, daga yadda ƙa'idar 709 ta bayyana lissafin kyamara suka ɗauko, amma sakamakon shi ne abin da ka gyara a 2.4 zai ɗago ya yi haske a wurinsu.

Yanzu tambaya, a ina fatarmu take zaune a wannan matakala? A ƙasan tsakiya, daidai inda saɓanin ya fi fitowa. Farar riga ba za ta nuna bambancin sosai ba. Amma fuskar Bahaushiya a cikin ɗakin taro da dare, da ta ɗago kaɗan, sheƙin nan na fata da ɗuminta sun tafi, sai toka-toka. Shi ya sa masu biki ba sa cewa gamma ya motsa, cewa suke ka muzanta mana amarya.

Gyaransa yana nan, sai dai ba irin wanda muke so ba ne, na danna maɓalli ɗaya a huta. A Resolve, ga mai aiki da Mac, akwai zaɓin amfani da ma'aunin allon Mac a cikin saituna, akwai kuma Rec.709-A, wanda ke sa abin da kake gani a wurin tacewa ya dace da abin da QuickTime za ta nuna. A sababbin Premiere Pro akwai inda ake kunna daidaita launin allo, da inda za ka zaɓi gamman da kake kallo da shi, 2.4 ko 2.2 ko 1.96. Akwai kuma wani LUT, wato ɗan fayil da ake ɗora wa bidiyo ya juya masa launi da haske, da Adobe masu Premiere suka taɓa fitarwa, wanda ake ɗorawa lokacin fitarwa don ya ƙara duhu. Wannan na ƙarshen nake jan kunnen yara a kansa, don na ga ana tura wa juna shi a WhatsApp kamar laya. Duhu yake ƙara wa fayil ɗin kansa, don ya yi daidai a na'urar Apple. To mu su wa ke kallonmu? In ka ƙirga wayoyin da ke cikin rumfar biki ɗaya a Kano, Tecno da Infinix da itel da Samsung za ka fi tarawa. Ka faranta wa ƙawayen amarya biyar masu iPhone, ka jefa sauran dangi cikin duhu. Ni dai matsayar da na tsaya a kai ita ce in gyara a 2.2, in tsaya a tsakiya, sannan in duba a waya biyu, tawa da aron iPhone ɗin maƙwabcina mai shagon ɗinki. Babu fayil ɗin da zai fito iri ɗaya sak a kowane allo, duk wanda ya yi maka wannan alkawari kuɗinka yake so.

Wata matsalar kuma da ta addabe mu a 'yan shekarun nan ita ce HDR, kuma ta ƙofar al'ada take shigo mana. Akwai wuraren da namiji mai kyamara ba ya shiga, kamar ɗakin da ake sa lalle ko inda iyaye mata ke yi wa amarya faɗa. Ƙawaye ne ke ɗauka da wayoyinsu su turo mini in haɗa. Tun daga iPhone 12, wadda ta fito a 2020, wayar a kan HDR take ɗaukar bidiyo in ba kai ka kashe ba, da tsarin Dolby Vision wanda aka ɗora a kan HLG, ma'aunin da BBC da gidan talabijin na NHK na Japan suka ƙirƙiro. Mudunsa babba ne ƙwarai. Bidiyo na yau da kullum a kan nit 100, wato ma'aunin ƙarfin hasken allo, aka tsara farinsa, shi kuwa HDR yana maganar nit 1000, launukansa kuma na BT.2020 ne. A wayar mai ɗaukar yana sheƙi kamar ka taɓa. Da ka jefa shi cikin aikin 709 ba tare da juyawa ba, fuska ta ƙone ta yi fari, launi ya yi salam kamar miyar da aka tsuga wa ruwa. Sai ka ga bidiyo yana tafiya lafiya lau, an zo wurin lalle ya koɗe, an wuce ya dawo.

Hanya mafi sauƙi ita ce rigakafi. Yanzu duk bikin da na karɓa, tun ranar da aka kawo kafin alƙalami nake cewa a haɗa ni da babbar ƙawa, in nuna mata: saituna, kyamara, ɗaukar bidiyo, a kashe HDR. Masu Samsung su duba HDR10+ a saitin bidiyo. In an riga an ɗauka, to sai ka faɗa wa manhajarka gaskiyar fayil ɗin, cewa HLG ne na 2020, ta juya shi zuwa 709 ta matse hasken a hankali. Resolve da Premiere da Final Cut duk suna yi. Masu tacewa a waya kuma su lura da wurin fitarwa, in akwai maɓallin HDR a kunne, a kashe, sai in da gangan ake so. YouTube na karɓar HDR tun 2016, ba haramun ba ne, amma sai aikin ya zama HDR tun daga farko har ƙarshe da shaidarsa daidai. Rabi da rabi shi ne ke kashe mu.

Akwai wani saɓanin da ya fi kama masu Windows da masu watsa tafsiri kai tsaye da azumi. Bidiyo na yau da kullum yana da matakan haske 256, daga 0 zuwa 255. Amma tsarin talabijin bai cinye su duka ba, baƙi a 16 yake, fari a 235. In na'ura ta karanta 16 a matsayin 16 na kwamfuta, ba ta san baƙi ake nufi ba, sai ta ba ka toka mai duhu, farin ma ya dushe, kamar an shimfiɗa farin gyale a kan allon. Alamarsa a bayyane take: dubi baƙin da ke farkon bidiyo kafin suna ya fito, in ya fi bakin allon haske, to shi ne. A OBS, manhajar watsa bidiyo kai tsaye, a bar ma'auni a kan 709 da taƙaitaccen zangon nan na 16 zuwa 235, a kuma tabbatar na'urar da ke ɗauko hoto daga kyamara ita ma haka take. A Resolve kada a taɓa matakin bayanai a wurin fitarwa in ba a san dalili ba. Wani lokacin ma fayil ɗin ƙalau yake, saitin katin hoto na Nvidia ne a kwamfutarka kai kaɗai ke nuna maka haka, kana ta gyaran abin da bai ɓaci ba.

Shi kuwa yaron nan mai kyamara, nasa ya fi kowanne sauƙi, ya kuma fi ban tausayi. Na karɓa na shiga saituna, sai na tarar wanda ya sayar masa ya bar ta a kan PP8, wato S-Log3, ya kuma bar wani saiti a kunne da ke ƙawata hoton a ƙaramin allon kyamarar kaɗai, don mai ɗauka ya ga yadda zai kasance bayan gyara. Fayil ɗin da ke shiga kati kuwa fayau yake, da gangan. Haka aka yi log: a kwantar da hoto, a tara bayanin haske da na inuwa, sai an zo tacewa a tayar da shi. Canon na da C-Log, Panasonic na da V-Log, jiragen DJI na da D-Log, iPhone 15 Pro ma ta zo da nata a 2023. Garin tuwo ne, ba tuwo ba. Shi kuma wata biyu yana ɗiban gari yana kai wa mutane a faranti. Na ɗora masa LUT ɗin da ke juya S-Log3 zuwa 709 a kan wani bidiyon suna da ya ɗauka, nan take zanen mai jego ya dawo kore shar. Ya yi shiru, can ya ce, "Oga, yanzu da na sayar da ita fa?" Na kashe masa log ɗin gaba ɗaya. Na ce kyamararka bit 8 take ɗauka, wato matakan haske 256 nan kawai, in ka ja log ɗinta da ƙarfi sararin sama zai yi maka layi-layi, kuma aikin suna ba ya buƙatar wannan wahala. Ka ƙware a haske tukuna.

Kada a ce na wanke intanet tas. Yana da nasa, amma a san irinsa. Duk dandalin da ka ɗora wa bidiyo sai ya sake matse shi. Matsewa ba ta ɗaga baƙi ta mayar da shi toka, abin da take yi shi ne cinye ƙananan bayanai: zanen leshi ya dame, aikin hula ya haɗe, inuwa ta yi dabbare-dabbare. Ja ya fi shan wuya, domin tsarin da ake kira 4:2:0 yana ajiye bayanin launi kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai na bayanin haske, shi ya sa gefen jar atamfa ke yin kamar ya zuba. In bayanai suka ragu ido na iya ganin kamar kala ta ragu. YouTube na ba da shawarar megabit 8 a daƙiƙa ga bidiyon 1080 na yau da kullum, 12 in mai hoto 60 ne a daƙiƙa. Mu kuwa saboda tsadar data sai mu matse shi tun a shago ya koma ɗan mitsitsi, su ma su sake matsewa. Sannan da ka ɗora, ƙaramin ne ke fara fitowa kafin su gama sarrafa babban, mu kuma ba ma jira, mun riga mun tura wa dangi. Mai kallo ma wayarsa ta sauke shi zuwa 360 don sabis ba ƙarfi.

Mafi muni shi ne yawon da bidiyo ke yi. Ka tura wa ango ta WhatsApp, ya sa a sitatus, abokinsa ya sauke ya ɗora a Facebook, wata ta kwafo ta kai TikTok, kowane zango an matse, sunanka kuma na nan manne a kusurwa. Tun 2022 WhatsApp ke barin a tura fayil har gigabait 2 a matsayin takarda, wato document, wanda ba ya taɓa ingancinsa, a 2023 kuma suka ƙara maɓallin HD. Ni yanzu ba na miƙa aiki sai a filasha ko a matsayin takarda, in kuma yi musu wani gajere daban na sitatus da na matse da hannuna.

Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. A wannan sana'a na koyi cewa idon ma ana yi masa wayo. Shagona yana kallon titi, da rana haske na dukan allo, duk abin da na gyara da azahar in na duba da isha'i sai in ga kamar ba ni na yi ba. Wayoyi da yawa kuma daga kamfani a kan saitin ƙara armashin kala suke zuwa, wasu an canja musu allo da mai araha bayan ya fashe, wasu an kunna musu kariyar ido komai ya koma ruwan ƙwai. Shi ya sa na sa labule mai kauri, na kuma koyi duba ma'aunan da ke cikin manhaja, wanda ke zana haske kamar tsaunuka da wanda ke nuna inda launi ya karkata. Su ba ruwansu da azahar ko isha'i. Suna nan kyauta a cikin kowace babbar manhaja, amma na sha shiga shagunan tacewa daga nan har titin gidan Zu ban ga an buɗe su ba.

Kirana ga masu koyar da tace bidiyo shi ne su ware ko da kwana biyu ne su koyar da wannan. Ana karɓar kuɗin yaro wata uku, ya fito ya iya sa suna yana juyi yana walƙiya, ya iya sa hoton amarya ya tarwatse ya koma fure, amma bai taɓa jin 709 ba. Sannan a daina sayar wa yara tarin LUT da sunan kalar fim ba tare da an gaya musu kowanne da irin fayil ɗin da aka yi shi dominsa ba. Ku ma a jarida, Malam Edita, da za ku riƙa ba irin wannan bayani ɗan gurbi da Hausa, da an rage asara, domin kusan duk abin da na koya sai da na bi ta Turanci ina tuntuɓe, kuma da yawan masu hazaƙar cikinmu allo da Islamiyya suka yi.

Aikin Hajiya sai a fitarwa ta uku ya daidaita. Na koma kan ainihin aikin, na cire duk murɗe-murɗen da na yi cikin fushi, na kunna ma'aunin allo, na mayar da jan da na rage, na duba a waya biyu da talabijin ɗin shago, sannan na kai mata a filasha. Ba ta ce komai ba, ta sa tabarau, ta ce wa ƙanwar amarya ta shiga ɗaki ta ɗauko mata ragowar atamfar. Aka tsayar da bidiyon daidai inda ƙawaye suka jeru, ta tashi da kanta ta kara yadin a jikin gilashin talabijin, tana duban wannan tana duban wancan. Ni dai ina durƙushe a bakin ƙofa, gumi na bin bayana. Can ta ce, "Ya kusa." Ta buɗe jaka ta ƙirgo cikon kuɗina, ta zare dubu biyu ta ce na hawan jinin da na sa mata ne. Har na kai zaure ta aiko a kira ni, ta ce bikin ƙanwar bayan Babbar Sallah ne, kuma ankon shuɗi ne.

Na gode da filin da ka ba ni. Allah Ya ƙara wa jarida albarka.

Naka,
Wani mai tace bidiyo,
Kano.